Tarihin Fulot da Matakin Fetur a Cikin Kafireto

Kafireto, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga cikin inji su ƙone, ya yi kusan shekara ɗari yana mulkin motoci, kuma ingancin aikinsa duka ya rataya ne a kan tsayin fetur ɗin da ke kwance cikin ɗan ƙoƙon da ke jikinsa. Injunan farko, irin na motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a 1886, iska ce take bi ta kan fetur ta kwashi tururinsa, lamarin da ya sa ƙarfin gaurayen yake sauyawa gwargwadon zafin gari da yawan man da ya rage. A 1893 ne Wilhelm Maybach ya fito da kafireto mai feshi, a shekarar da Donát Bánki da János Csonka suka yi rajistar irin tasu ƙirar a ƙasar Hangari, kuma daga lokacin aka koma tsotso fetur ta wata siririyar kafa da ake kira jet, wadda ke buɗewa a maƙogwaron da iska ke matsewa tana ƙara gudu.

Wannan dabara ba ta tafiya daidai sai fetur ya tsaya a mataki ɗaya, ƙasa kaɗan da bakin da yake fesowa, domin idan ya haura zai riƙa tsiyaya ko da inji a kashe yake, idan kuma ya yi ƙasa iskar ba za ta iya jawo isasshe ba. Abin da ke tsare matakin shi ne fulot, wani ɗan abu marar nauyi da ke yawo a saman fetur kamar gorar masunci a kan kogi, wanda idan ƙoƙo ya cika sai ya taso ya tura wata allura ta toshe hanyar mai, idan inji ya sha ya ragu kuma sai ya sauka allurar ta buɗe.

Da toton ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi aka riƙa yin fulot da yawa a can baya, ana shafe shi da wani irin ƙaro don kada ya sha mai, kuma irinsa ne a cikin wasu kafireton Ford Model T. Daga baya aka koma farin ƙarfe mai rami a ciki wanda ake liƙe ɓarinsa biyu da dalma, sannan roba. Kowanne da cutarsa, domin toton yakan jiƙa ya yi nauyi idan shafen ya zube, musamman a fetur na zamani da ake sirkawa da sinadarin etanol, shi kuwa na ƙarfe yakan huje a wurin liƙi. Saboda haka gogaggen bakanike yakan girgiza fulot kusa da kunnensa ya saurari motsin mai a ciki, ko ya tsoma shi a ruwan zafi ya duba inda kumfa ke fita, tun kafin ya taɓa saiti, kuma wannan tsari shi ne daidai, tunda babu awon da zai gyara fulot ɗin da ya riga ya nutse.

Shi kansa saitin, a yawancin ƙira, ana cire murfin ƙoƙo ne a kifa shi, a bar fulot ya ɗan jingina da allura ba tare da an danne ba, a auna tazarar da ke tsakaninsa da fuskar murfin da milimita kamar yadda kamfanin ya ƙayyade, sannan a lanƙwasa ɗan harshen ƙarfen da ke taɓa allurar kaɗan-kaɗan. Matakin da ya yi sama yana bayyana da baƙin hayaƙi da warin fetur da fulogi mai kunkunniya, wanda ya yi ƙasa kuwa da sarƙewar inji a hawan tudu da yawan zafi.

Iyakar wannan ƙira ta fito fili a 1940, lokacin yaƙin sama a kan Ingila, inda injin Merlin na jiragen Spitfire da Hurricane yake ɗaukewa idan matuƙi ya sunkuyar da jirgi kwatsam, saboda fetur yana tashi zuwa saman ƙoƙon, fulot kuma ya koma ƙasa ya bar allura a buɗe, mai ya yanke sannan ya malalo, alhali jiragen Messerschmitt na Jamus da ke tura mai da famfo ba su san wannan matsala ba. Injiniya Beatrice Shilling ce ta samar da ɗan faifai mai huji da ke taƙaita kwararar man, aka sanya shi a jiragen Spitfire da Hurricane a 1941.

Dokokin rage hayaƙi sun kori kafireto daga sababbin motoci a Amurka da Turai a farkon shekarun 1990, amma a Arewacin Nijeriya, inda kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975 kuma 504 mai kafireto ta cika tituna, sana'ar gyaransa ba ta gushe ba, tana nan a hannun masu gyaran babura da janareto da injin ban ruwa, waɗanda yawancinsu a gareji suka koye ta daga hannun iyayen gidansu.