Errollyn Wallen: Tarihin baƙar fata ta farko da ta zama shugabar kiɗan fadar Birtaniya

A watan Agustan 2024 ne Sarki Charles na Uku na Birtaniya ya naɗa Errollyn Wallen a matsayin shugabar kiɗan fadarsa, muƙamin da a ƙasar Hausa za a iya kwatanta shi da sarautar Sarkin Makaɗa. Ita ce baƙar fata ta farko da ta riƙe wannan muƙami tun da aka ƙirƙiro shi kusan shekara 400 da suka wuce, kuma ita ce mace ta biyu. Kafin wannan naɗi ta shafe fiye da shekara talatin tana tsara kiɗan gargajiyar Turai, fannin da aka daɗe ana yi wa kallon gadon Turawa maza.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haifi Errollyn Wallen ranar 10 ga Afrilun 1958 a ƙasar Belize da ke yankin Amurka ta Tsakiya. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya, ba ta sami 'yancin kai ba sai a 1981. Da yawa daga cikin mutanen Belize jikokin bayi ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma domin sarar katako a dazuzzukan ƙasar. An ce mahaifinta ya samo sunanta ne daga na ɗan wasan fim ɗin nan Errol Flynn.

Tana da shekara biyu iyayenta suka kai ta Landan. Daga bisani suka wuce birnin New York na Amurka, suka bar ta da 'yan uwanta a hannun dangi a unguwar Tottenham da ke arewacin Landan, inda ta tashi. Ƙaninta Byron Wallen shi ma ya zama fitaccen mabushin ƙaho a fagen kiɗan jaz.

Rawa ce ta fara jan hankalinta kafin kiɗa. Ta yi horo a makarantun rawa a Landan, sannan ta tafi New York ta ci gaba da koyo a cibiyar Dance Theatre of Harlem, wadda aka kafa domin bai wa baƙaƙen fata damar shiga rawar bale. Bayan ta dawo Ingila sai ta karkata ga kiɗa gaba ɗaya. Ta yi karatu a kwalejin Goldsmiths da kuma King's College, dukkansu a Jami'ar Landan, daga baya kuma ta ƙara karatu a Jami'ar Cambridge.

Mene ne aikin mai tsara kiɗa?

A al'adar kiɗan Hausa, makaɗi irin su Mamman Shata ko Ɗanƙwairo shi ne mai ƙirƙirar waƙa, shi ne kuma mai rera ta tare da 'yan amshinsa. A kiɗan gargajiyar Turai aikin ya rabu. Mai tsara kiɗa yakan zauna ya rubuta kowane sauti a takarda da alamomi na musamman: abin da masu goge za su ja, abin da masu busa za su busa, inda ganguna za su shigo, da inda kowa zai yi shiru. Babbar ƙungiyar makaɗa takan kai mutum tamanin ko fiye, kuma kowannensu yana karanta nasa kaso yayin da jagora yake tsaye a gabansu da ɗan sanda yana daidaita su.

Saboda haka mai tsara kiɗa ba ya iya isa ga jama'a shi kaɗai. Sai wata ƙungiya ko gidan wasa ko gidan rediyo sun ba shi aiki, sun biya shi, sun kuma ɗauki nauyin makaɗan da za su gabatar da abin da ya rubuta. Wanda masu riƙe da waɗannan ƙofofi ba su san da shi ba, aikinsa yakan ƙare a cikin akwati. Wannan ne ya sa Wallen ta kafa tata ƙungiyar mai suna Ensemble X tun farkon aikinta, domin ta riƙa gabatar da kiɗanta da kanta. Ta kuma yi shekaru tana kaɗa fiyano tare da mawaƙan zamani da na jaz, tana rubuta nata waƙoƙin tana rerawa. Wannan gogayya ta bar alama a salonta: a aiki guda akan ji tsarin tsofaffin gwanaye irin su Bach da Purcell, a kuma ji bugun jaz da amon waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka.

Shigarta bikin Proms

A 1994 ta rubuta wani kiɗa na ganguna da kayan bugawa tare da rakiyar babbar ƙungiyar makaɗa, wanda matashin makaɗi ɗan Sikotilan, Colin Currie, ya gabatar a zagayen ƙarshe na gasar matasan makaɗa ta BBC. Shekara huɗu bayan haka, a 1998, aka gabatar da wannan aiki a bikin Proms.

Proms shi ne bikin kiɗan gargajiya mafi girma a Birtaniya. An fara shi a 1895, BBC ta karɓi ragamarsa a 1927, kuma ana shafe kusan mako takwas ana yin sa duk bazara, galibi a babban zauren Royal Albert Hall da ke Landan. A cikin shekara 103 da aka yi ana bikin, ba a taɓa kaɗa aikin wata mace baƙar fata ba sai a wannan karo. A 2019 bikin ya sake ba ta aiki, inda ta rubuta This Frame Is Part of the Painting, wanda ta gina a kan zane-zanen mai zanen Birtaniya Howard Hodgkin.

Ayyukan da suka taɓo tarihi

Wani ɓangare mai yawa na ayyukanta ya shafi tarihin bauta da ƙaura da rayuwar mutanen da al'umma ta mayar saniyar ware. A 2007, lokacin da Birtaniya ke cika shekara 200 da kafa dokar haramta cinikin bayi ta 1807, ta rubuta Mighty River, wato babban kogi. Aikin yana da alaƙa da cocin Holy Trinity da ke Clapham a kudancin Landan, inda William Wilberforce da abokan gwagwarmayarsa suke ibada a zamanin da suke yaƙi da cinikin bayi a majalisa. Kiɗan yana tafiya ne da bugu guda wanda ba ya yankewa, kamar gudun ruwa zuwa teku, kuma ta saƙa amon tsofaffin waƙoƙin bayin Amurka a cikinsa. Yana daga cikin ayyukanta da aka fi kaɗawa a ƙasashen duniya.

Ta rubuta opera fiye da ashirin. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera dukkan maganganunsa da waƙa tare da rakiyar makaɗa. A 2007 aka nuna The Silent Twins, labarin gaskiya na wasu tagwaye mata, June da Jennifer Gibbons, waɗanda iyayensu 'yan tsibirin Barbados ne, suka tashi a yankin Wales. Tun suna yara suka daina magana da kowa sai junansu, kuma bayan wasu laifuffuka da suka haɗa da ƙone-ƙone aka tsare su shekara 11 a asibitin masu taɓin hankali na Broadmoor.

A 2011 gidan opera na Royal Opera House ya nuna Yes, wadda ta rubuta tare da marubuciya Bonnie Greer. Wasan ya samo asali ne daga amincewar da Greer ta yi a 2009 ta zauna a shirin muhawara na talabijin ɗin BBC tare da Nick Griffin, shugaban jam'iyyar BNP mai ƙyamar baƙi. A 2021 aka nuna Dido's Ghost a cibiyar Barbican da ke Landan, inda ta ɗauki tsohuwar operar Henry Purcell ta ƙarni na 17 ta sanya ta a tsakiyar sabon labari da ya ci gaba daga inda tsohon ya tsaya.

A 2022 ta fitar da opera biyu. The Paradis Files ta ba da labarin Maria Theresia von Paradis, makauniyar gwanar fiyano ta birnin Biyana a ƙarni na 18, kuma kamfanin Graeae na 'yan wasa masu naƙasa ne ya gabatar da ita. Ita kuwa Quamino's Map, wadda aka nuna a Chicago, ta shafi baƙaƙen fatar da suka yi yaƙi a ɓangaren Birtaniya lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, suka ƙare cikin talauci a titunan Landan.

Ta kuma rubuta kiɗa domin manyan bukukuwan ƙasa. A bikin buɗe gasar Olamfik ta masu naƙasa da aka yi a Landan a 2012 an gabatar da ayyukanta biyu, Principia da Spirit in Motion. Tun kafin nan, a 2006, ɗan sama-jannatin Kanada Steve MacLean ya tafi da faifan kiɗanta sararin samaniya a cikin kumbon Atlantis na hukumar NASA.

Taƙaddamar 2020

Daren ƙarshe na bikin Proms dare ne na waƙoƙin kishin ƙasa, inda jama'a ke ɗaga tutoci suna amshi. Daga cikin waƙoƙin da ba a tsallakewa akwai Jerusalem, wadda mawaƙi William Blake ya rubuta baitocinta, Hubert Parry ya yi mata kiɗa a 1916. Turawan Ingila da dama suna ɗaukar ta tamkar taken ƙasarsu na biyu.

A 2020 BBC ta nemi Wallen ta sake tsara wannan waƙa. Shekara ce ta annobar korona, don haka aka yi bikin babu 'yan kallo a zaure. Shekarar ce kuma aka kashe George Floyd a Amurka, zanga-zangar nuna ƙin wariyar launin fata ta bazu har Birtaniya, muhawara kuma ta yi zafi a kan ko ya dace a ci gaba da rera waƙoƙin da ke yabon daular mulkin mallaka.

Wallen ta sadaukar da aikin nata ga zuriyar Windrush, wato 'yan yankin Karebiyan da suka fara zuwa Birtaniya daga 1948 domin taimakawa wajen sake gina ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 2018 ne ya bayyana cewa hukumomi sun tsare wasu daga cikinsu, sun hana wasu aiki da magani, har sun kori wasu daga ƙasar bisa kuskure, abin da ya kai ga murabus ɗin sakatariyar harkokin cikin gida Amber Rudd. A sabon tsarin, Wallen ta sanya sautuka masu karo da juna da ɗanɗanon kiɗan bulus a farkon waƙar, kafin sanannen amon Parry ya fito daga baya. Mawaƙiyar Afirka ta Kudu Golda Schultz ce ta rera ta.

Martanin ya rabu biyu. Wasu masu sharhi sun yaba, suna cewa ta dawo da tambayoyi da damuwar da ke cikin baitocin Blake, waɗanda amshin taron jama'a ya daɗe da binnewa. Wasu kuwa sun ce ta ɓata abin gado, kuma ta sha zagi a shafukan sada zumunta, ciki har da na wariyar launin fata. Ba ta janye aikin ba. Shekara huɗu bayan haka fadar da ake kallo a matsayin mai tsaron al'adun ƙasar ta miƙa mata babban muƙaminta na kiɗa.

Muƙamin da aka ba ta

An ƙirƙiro wannan muƙami ne a zamanin Sarki Charles na Ɗaya, kuma Nicholas Lanier ne ya fara riƙe shi a 1626. A wancan lokaci aikin mai muƙamin shi ne kula da makaɗan fada. Yau muƙamin na girmamawa ne, babu wani aiki da aka wajabta, sai dai mai riƙe da shi yakan tsara kiɗa a manyan lokuta kamar naɗin sarauta ko jana'iza, yana kuma zama mai magana da yawun harkar kiɗa a ƙasar. Edward Elgar ya riƙe shi daga 1924 zuwa 1934. A da ana riƙe shi har mutuwa, amma tun daga naɗin Peter Maxwell Davies a 2004 aka ƙayyade shi zuwa shekara goma. Judith Weir, mace ta farko, ta riƙe shi daga 2014 zuwa 2024, kuma ita ce Wallen ta gada.

Kafin wannan, an ba ta lambar girmamawa ta MBE a 2007 da ta CBE a 2020. A 2013 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Ivor Novello a fannin kiɗan gargajiya.

Waɗanda suka riga ta da waɗanda ke tafe

Wallen ba ita ce farkon mai jinin Afirka da ya yi fice a wannan fage a Birtaniya ba. Samuel Coleridge-Taylor, wanda mahaifinsa likita ne ɗan Saliyo, ya shahara ƙwarai kafin rasuwarsa a 1912 yana da shekara 37. Fela Sowande, ɗan Najeriya haifaffen 1905, ya yi shekaru a Landan yana kaɗa ogan a coci, kuma a can ya tsara African Suite, wanda ya gina a kan amon waƙoƙin Afirka ta Yamma. Sai dai bayan su an daɗe ba a cika ganin baƙaƙen fata a manyan ƙungiyoyin makaɗan ƙasar ba.

Domin cike wannan giɓi ne Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan ƙabilar Ibo ne daga Najeriya, ta kafa ƙungiyar makaɗa ta Chineke! a 2015, wadda akasarin membobinta baƙaƙen fata ne da 'yan sauran tsirarun ƙabilu. Ƙungiyar ta kaɗa ayyukan Wallen, ta kuma naɗi ɗaya daga cikinsu, Concerto Grosso, a faifai.

Wallen ta yi shekaru tana rubuta kiɗanta a wani gida da ke jikin hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Strathy Point, a ƙuryar arewacin Sikotilan. A 2023 kamfanin Faber ya wallafa littafinta Becoming a Composer, inda ta ba da labarin ƙuruciyarta, rabuwarta da iyayenta, da yadda take gudanar da aikinta na yau da kullum. Bisa ƙa'idar shekara goma, wa'adinta a fada zai ƙare a 2034.