Dasasshen SQL: Tarihin Saka Tambayoyin Rumbun Bayanai Cikin Shirin Kwamfuta ta Hanyar Firikwamfaila

Dasasshen SQL hanya ce ta rubuta umarnin neman bayanai ko gyara su kai tsaye a cikin shirin kwamfuta da aka rubuta da wani harshe daban, kamar COBOL, PL/I, Fortran ko C. Kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutun shiri zuwa harshen inji, bai san SQL ba, yana cin karo da shi zai tsaya. Saboda haka ake fara miƙa rubutun ga wata manhaja mai share fage da ake kira firikwamfaila. Ita ce ke tsince kowane umarni da ya fara da kalmomin EXEC SQL, ta cire shi, ta sa kiran da harshen shirin ya sani a gurbinsa, sannan kwamfaila ya karɓi abin da ya fito. SQL baƙo ne a gidan, ɗaya harshen kuwa mai masauki, kuma da sunan mai masaukin ake kiransa a littattafan fannin.

A wurare biyu masu rubuta wannan tarihi suka saɓa. Na farko, wa ya fara. Na biyu, a wace shekara hanyar ta zama doka a ƙa'idar SQL, domin wasu na cewa 1986, wasu 1989, wasu kuma 1992.

Kafin SQL

Dabarar share fage ta girmi SQL. Rahoton kwamitin CODASYL na 1971 ya tsara umarnin rumbun bayanai da za a rubuta cikin COBOL, kuma IDMS, wanda kamfanin Cullinane ya yi kasuwancinsa a shekarun 1970, yana da manhajar da ke fassara waɗannan umarnin kafin kwamfaila ya gani. IMS na kamfanin IBM, wanda ya fito a 1968, ta hanyar kira zalla ya bi: mai rubuta shiri ya kira wani aiki, ya miƙa masa jerin bayanai. Tun daga nan hanyoyin biyu, share fage da kira, suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma duk abin da ya biyo baya jayayya ce tsakaninsu.

Waɗancan tsofaffin rumbunan layi ɗaya suke bai wa shiri a kowane kira, daidai da yadda COBOL ke karanta fayil. Bayan maƙalar E. F. Codd ta 1970 kan tsara bayanai a teburai, da harshen SEQUEL, wanda daga baya ya zama SQL, da Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gabatar a 1974, sai tambaya ɗaya ta koma mai dawo da layi dubu a lokaci guda, ko ta dawo hannu rabbana. Harsunan shirye-shirye na lokacin ba su da wurin zuba amsa irin wannan.

Berkeley da San Jose, 1974 zuwa 1979

Ƙungiyoyi biyu ne a jihar Kalifoniya ta Amurka suka tunkari matsalar kusan lokaci ɗaya. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Michael Stonebraker da Eugene Wong suna gina rumbun bayanai mai suna Ingres a kan injin PDP-11 mai aiki da Unix, harshen tambayarsu kuma QUEL ne. A 1976 Eric Allman, tare da Gerald Held da Stonebraker, suka wallafa bayanin EQUEL, wato QUEL da aka dasa cikin shiri. A cikin shirin C, duk layin da ya fara da alamar ## na rumbun bayanai ne, mai share fage ya mayar da shi kira. Idan ana maganar dasa harshen tambaya na tsarin Codd da firikwamfaila, EQUEL ya riga kowa fitowa a rubuce, kuma littattafan da ke fara labarin daga IBM sun tauye masa haƙƙi. Sai dai EQUEL rubutun tambayar yake aika wa Ingres a lokacin da shiri ke gudana, a can ake warware ta, a nemo hanyar amsa ta, duk sa'ad da aka kira ta.

A cibiyar binciken IBM ta San Jose, aikin System R bai fara da firikwamfaila ba, abin da ake yawan mantawa ke nan. Maƙalar da Morton Astrahan da abokan aikinsa suka fitar a 1976 ta nuna shirin PL/I yana kiran SEQUEL kamar kowane aiki, yana miƙa masa tambayar a matsayin rubutu. A farkon shekarar ne Raymond Lorie ya lura da abin da ya sauya alƙiblar aikin. Ya nuna cewa umarnin SQL, komai sarƙaƙiyarsa, ana iya warware shi zuwa 'yan gutsattsarin harshen injin System/370, a ɗauko su daga ma'ajiya a haɗa, a samu ƙaramin shiri mai sauri wanda aka ɗinka don wannan tambayar kaɗai. Shi da Bradford Wade suka rubuta cikakken bayanin a 1979.

Daga nan firikwamfailan System R, mai suna XPREP, ya samu aikin da ya wuce canza rubutu. Yana karanta shirin PL/I ko COBOL, ya tsinci umarnin SQL, waɗanda a lokacin alamar dala ce ke gabansu. Ya duba ko teburan da aka ambata suna nan, ya duba ko mai shirin yana da izinin taɓa su, sannan ya miƙa tambayar ga mai zaɓen hanya, wanda ke auna tsadar kowace hanya: a bi fihirisa ko a karanta teburin gaba ɗaya, wane tebur za a fara da shi idan ana haɗa biyu ko uku. Wannan sashen ne Patricia Selinger da abokan aikinta suka bayyana a maƙalarsu ta 1979, wadda har yau ake karantar da ita. Abin da ya fito sai a adana shi a cikin rumbun kansa. Ranar da shirin zai yi aiki, an riga an gama duk wannan lissafi. Shirin banki da ke gudanar da tambaya ɗaya sau dubbai a yini sau ɗaya tak yake biyan kuɗin tunanin.

To, idan wani ya goge fihirisar da aka dogara da ita fa? System R yana riƙe da jerin abubuwan da kowane adanannen tsari ya dogara a kai. Da zarar ɗaya ya gushe, sai a yi wa tsarin alamar lalacewa, kuma a kira na gaba rumbun ya sake gina shi da kansa daga rubutun SQL na asali, ba tare da an taɓa shirin ba. Wannan shi ne 'yancin shiri daga tsarin ajiya da Codd ya yi alkawari, an cika shi ba tare da an sadaukar da sauri ba. Masu shakkar tsarin Codd a wancan zamani hujjarsu ɗaya ce, cewa ba zai taɓa kamo IMS a gudu ba, kuma harhaɗa tambaya tun da wuri na daga manyan amsoshin da aka ba su.

Matsalar amsa mai layuka da yawa kuwa da manuni aka warware ta. Mai shiri ya ba tambayar suna, ya buɗe ta, ya riƙa ɗebo layi ɗaya bayan ɗaya cikin guraben shirinsa har su ƙare, ya rufe. Umarnin OPEN, FETCH da CLOSE na yau daga can suka fito. An gwada System R a wajen IBM tun 1977, a kamfanin ƙera injin jirgin sama na Pratt & Whitney, kuma a 1981 Chamberlin da tawagarsa suka wallafa tarihin aikin da sakamakonsa. Wannan rubutu na 1981 shi ya fi cancanta a dogara da shi kan shekarun, domin waɗanda suka yi aikin ne suka rubuta shi tun abin bai yi nisa ba.

A kasuwa

IBM ya fitar da SQL/DS a 1981, ya sanar da DB2 a 1983. A nan alamar dala ta ba da wuri ga EXEC SQL, wanda ya yi kama da EXEC CICS da masu rubuta COBOL suka riga suka saba da shi. Gurbin shiri da ke cikin tambaya ana sa masa ɗigo biyu a gaba don a bambanta shi da sunan shafin tebur. Tunda COBOL da C ba su da hanyar nuna cewa gurbi ba shi da ƙima sam, sai aka haɗa kowane gurbi da ɗan rakiya, wata ƙaramar lamba da ke zama -1 idan rumbun ya dawo da NULL. Labarin yadda umarni ya kaya kuma yana shiga SQLCODE: 0 an yi nasara, 100 babu sauran layi, lamba mai alamar ragi kuskure.

DB2 ya raba aikin XPREP gida biyu. Firikwamfaila yana fitar da gyararren rubutun shiri a gefe guda, da fayil mai suna DBRM mai ɗauke da umarnin SQL a ɗaya gefen. Mataki na dabam, BIND, shi ke karanta DBRM ya zaɓi hanya ya adana. Rabin biyu suna ɗauke da hatimi iri ɗaya, idan suka saɓa shirin ba zai tashi ba. Duk wanda ya yi aiki da DB2 a babban inji ya san lambobin -818 da -805, alamar cewa an sake harhaɗa shiri an manta da BIND. Wannan tsari yana da wata fa'ida da bankuna da kamfanonin inshora suka riƙe hannu bibbiyu: ana iya bai wa ma'aikaci izinin gudanar da shiri ba tare da an ba shi izinin taɓa teburan kai tsaye ba.

Oracle ya samar da Pro*C, Pro*COBOL, Pro*FORTRAN da 'yan uwansu, Informix ya samar da ESQL/C, Ingres ma ya koma karɓar SQL. A ido rubutun duk ɗaya ne da na IBM. A ƙasa kuwa Pro*C hanyar EQUEL ya bi, yana aika rubutun tambayar ga rumbun a lokacin aiki. Wannan bambanci ya fi kowanne muhimmanci a tarihin nan, amma littattafan koyarwa da yawa suna haɗa su a babi ɗaya kamar abu guda ne. Har a ƙananan abubuwa an bambanta: inda DB2 ke cewa 100, Oracle a yanayinsa na asali 1403 yake cewa.

Batun ƙa'ida

Ƙa'idar SQL ta farko da hukumar ANSI ta amince da ita a 1986, ISO kuma a 1987, abin da ta wajabta shi ne harshen kundi, inda ake rubuta umarnin SQL a fayil na dabam shiri ya kira su. Dasawa cikin COBOL, Fortran, Pascal da PL/I tana nan a rubuce, amma a rataye, ba a jikin dokar ba. Sai a 1989 wata ƙa'ida ta musamman, X3.168, ta mayar da ita doka, ta ƙara Ada da C. Ƙa'idar 1992 ta haɗe komai wuri ɗaya, ta shigar da tambayoyin da ake ginawa a lokacin aiki ta hanyar PREPARE da EXECUTE, ta kawo SQLSTATE mai haruffa biyar don maye gurbin SQLCODE da kowane kamfani ke lissafawa yadda ya ga dama. Shekarar 1989 ce daidai ga wanda ke neman lokacin da dasasshen SQL ya zama ƙa'ida. Masu cewa 1986 rataye suka ɗauka doka.

Ja da baya

Firikwamfaila yana ɗaure shiri ga rumbun kamfani ɗaya tun ranar harhaɗawa. Da ƙananan kwamfutoci suka cika ofisoshi, aka buƙaci manhaja ɗaya da za ta yi magana da kowane rumbu, sai hanyar kira ta dawo da ƙarfinta: ODBC na Microsoft a 1992, ƙa'idar SQL/CLI a 1995, JDBC na harshen Java a 1997. Ga kuma wahalar gyaran kuskure, domin rubutun da kwamfaila ya gani ba shi ne wanda mutum ya rubuta ba. Oracle da IBM da wasu kamfanoni sun yi ƙoƙarin farfaɗo da hanyar a Java da sunan SQLJ a ƙarshen shekarun 1990, har ya shiga ƙa'idar ISO, amma JDBC ya rinjaye shi. Microsoft ya daina fitar da nasa firikwamfailan na harshen C bayan SQL Server 2000.

An yi asara a wannan sauyi, kuma ya kamata a faɗa. Tambayar da aka dasa da guraben shiri ba ta cakuɗa umarni da abin da mai amfani ya shigar, don haka ba a iya cusa mata mugun umarni ta akwatin rubutu. Wannan nau'in kutse, wanda aka fara bayyana shi a fili a mujallar Phrack a 1998, ya yaɗu ne a shirye-shiryen da ke ɗinka tambaya daga guntayen rubutu a lokacin aiki. Kuskuren sunan shafi ma, wanda BIND zai kama kafin shiri ya fita, sai ya koma yana fashewa a gaban mai amfani. Wasu sababbin kayan aiki, irin su sqlc na harshen Go da SQLx na harshen Rust, sun dawo da duba tambaya tun lokacin harhaɗawa.

Hanyar ba ta mutu ba. PostgreSQL yana zuwa da firikwamfailansa na C mai suna ECPG tun ƙarshen shekarun 1990, Oracle na ci gaba da fitar da Pro*C da Pro*COBOL, kuma a manyan injinan IBM an shigar da aikin share fagen cikin kwamfailan COBOL kansa, ta yadda mataki ɗaya ke fitar da shirin da DBRM ɗinsa, sannan a yi BIND kamar yadda ake yi tun shekarun 1980.