Alheri kyauta ne, to ina laifin tukunyar giya?

1/ Jama'a, a ƙauyukan Maguzawa na Tudun Wada da Doguwa akwai Hausawa Kirista. Ba baƙi ba ne fa.

2/ Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, da kalmar "alheri": ceto kyautar Allah ce, ba ladan aiki ba.

3/ Amma mishan ɗin SIM, wadda ta haifi ECWA a 1954, ta ce zaman tsarki sai an bar bori da giya. Nan ake yin ta! Giya ce ke tara gayya. Ka hana a dafa a gidanka, wa zai zo maka noma?

4/ Ni dai a ganina mata suka fi jin jiki, don dafa ta sana'arsu ce.