Labarin Jakadan Ƙoda

Tun zamanin da mutane sun san mai rashin jini: tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari, in ya yi 'yar tafiya sai haki. Amma ba su san mai ba da umurnin yin jini a jiki ba.

Jajayen ƙwayoyin jini a cikin ɓargo a ke yin su. Aikinsu kai iskar numfashi ko'ina a jiki, kowace kuwa ta kan yi kamar kwana 120 ta mutu. To, wa ke gaya wa ɓargo ya mai da gurbinsu?

A shekarar 1906 wani likita a Faransa, Paul Carnot, da abokiyar aikinsa Clotilde Deflandre suka ɗebi ruwan jinin zomon da aka rage wa jini, suka zuba wa lafiyayye. Sai ƙwayoyinsa suka ƙaru. Suka ce lalle akwai saƙo a ciki. A 1957 Leon Jacobson da jama'arsa a Amurka suka gane daga ƙoda saƙon ya ke fitowa. Wato in iska ta yi ƙaranci cikin jini, sai ƙoda ta tashi jakada zuwa ɓargo, kamar yadda Sarki ya kan aika wa hakimi. A 1977 Eugene Goldwasser da Takaji Miyake suka tace shi daga fitsarin marasa lafiya na ƙasar Japan. Likitoci suna kiransa EPO. A 1989 Amurka ta yarda a yi wa masu ciwon ƙoda allurarsa, don su jakadansu ya kasa.

To, mu zo gida. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ta kawo noman rani kusa da Rano da Kibiya. Amma inda ruwa ya kwanta, nan sauro da tsargiya ke samun zama. Zazzaɓin sauro ya kan farfasa ƙwayoyin, tsargiya ta zubar da jini cikin fitsari, in ta daɗe har ta taɓa ƙoda. Mai amosanin jini kuwa, ƙwayoyinsa ba su cika wuce kwana 20 ba. Waɗannan yawanci jakadansu lafiya lau, ɓarnar ce ta fi gyaran yawa. Haka kuma ɓargo ba ya aiki sai da sinadarin ƙarfe, irin na hanta da nama da wake, don umurnin Sarki ba ya gina ɗaki in babu tubali.

Saboda haka yaro ko mai ciki in suka yi fari, a kai su asibiti a auna jini, a san mafarin abin tukuna. Allah ya ba mu lafiya, amin.