Wa Ke Da Bakin Magana Kafin Alƙali Ya Yanke Hukunci?

Shekara 50 da suka wuce, wanda aka zalunta a Amurka shaida ne kawai a shari'ar da ta shafe shi. Ƙarar ta gwamnati ce, shi dai ya amsa tambayoyin lauya ya koma ya zauna. Ranar yanke hukunci, mai laifi ake ba dama ya roƙi sassauci, har ya kawo mahaifiyarsa ta faɗi halinsa na kirki. Dangin mamaci kuwa sai ido.

A 1976 wani jami'i a gundumar Fresno ta jihar Kalifoniya, James Rowland, shugaban masu sa ido kan masu laifin da aka saki bisa sharaɗi, ya fara haɗa bayanin wanda aka cuta cikin rahoton da ake miƙa wa alƙali. A takarda abin ya faro. A 1982 kwamitin da Shugaba Ronald Reagan ya kafa ya ba da shawarar a riƙa sauraron waɗannan mutane, kuma a shekarar ce masu zaɓe a Kalifoniya suka mayar da hakan doka. Doris Tate, wadda mabiyan Charles Manson suka kashe 'yarta Sharon a 1969, ta yi amfani da wannan dama ta zauna gaba da gaba da ɗaya daga cikin makasan, ta ce kada a sake shi.

Rigimar ta fi zafi a shari'ar kisa. A 1987, a shari'ar Booth, Kotun Ƙoli ta haramta irin wannan bayani da ƙuri'a 5 da 4. Hujjarta ba ta banza ba ce: mamacin da danginsa suka iya magana zai fi marar gata daraja ke nan? Bayan shekara 4 kacal kotun ta janye maganarta, a shari'ar Payne. Pervis Payne ya kashe wata mata da ƙaramar 'yarta a jihar Tenesi, ɗanta mai shekara 3 ya tsira da raunuka. Kakar yaron ce ta shaida wa kotu yadda yake kukan uwarsa, yana cigiyar ƙanwarsa. A 1991 alƙalai 6 suka ce babu laifi a saurare ta, 3 suka ƙi. Cikin ukun akwai Thurgood Marshall, wanda ya sanar da ritayarsa a ranar.

Wata dokar tarayya ta 2004 ta fayyace mai magana: wanda laifin ya cuta kai tsaye. In ya rasu, ko bai kai shekara 18 ba, ko ba ya iya magana da kansa, sai waliyyinsa, ko wani daga dangi, ko wanda kotu ta naɗa. Wanda ake tuhuma ba zai zama wakilin ba, ko da shi ne uba ko miji.

A Janairun 2018 ƙofar ta ƙara buɗewa. Likitan 'yan wasa Larry Nassar ya amsa laifuka 7 na cin zarafi a wata kotun Mishigan, amma Mai Shari'a Rosemarie Aquilina ta saurari mata da 'yan mata fiye da 150 cikin kwana 7, kafin ta ɗaure shi shekara 40 zuwa 175.

Wanda ya san matsayin waliyyin jini a fiƙihu, mai zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa, zai ga wannan 'yanci bai kai can ba. A 2016 Kotun Ƙoli ta sake jaddada cewa a shari'ar kisa dangi na iya faɗin abin da suka rasa, amma ba su da hurumin gaya wa masu yanke hukunci a kashe ko a bari.