Yadda Magidanta Suka Fara Zama Kan Zancen Ciki a Damagaram

A ƙasar Hausa ta da, in naƙuda ta kama mace, maigida zaure yake komawa. Ɗakin haihuwa na ungozoma ne da tsofaffin mata. In kuwa cikin fari ne, tun kafin watan haihuwa ya kama an mai da yarinya gidan iyayenta goyon ciki, kunya kuma ta hana mijin yawan tambaya. Aikinsa yana waje: itacen wankan jego na kwana arba'in, nama da kayan yaji, kiran wanzami, ragon suna ranar bakwai.

Da asibiti ya zo, a kan wannan tsari ya hau. Malaman jinya sun ɗauki awon ciki a matsayin sha'anin mata zalla, mijin da ya rako matarsa ana barinsa a gindin bishiya. Abin da aka daɗe ba a lura da shi ba shi ne, wanda aka bari a waje shi ke riƙe da izinin fita da kuɗin mota. Mace na iya kwana tana zubar da jini, makwabta sun taru, amma babu mai iya cewa a tafi saboda maigida yana kasuwar wani gari. A 1994 masu bincike Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka bayyana jinkiri uku da ke kashe masu haihuwa, na farkonsu shi ne jinkirin yanke shawarar neman magani. A shekarar ce kuma taron Alƙahira kan yawan jama'a ya sa alhakin maza cikin shirinsa.

Inda maganar ta zama aiki a ƙasar Hausa shi ne Damagaram. Wani bincike da hukumar kula da yawan jama'a ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNFPA, ta sa aka yi a yankin a 2007 ya nuna cewa ikon miji na cikin manyan abubuwan da ke tsakanin mace da asibiti. A 2008 aka buɗe makarantun mazaje guda 11 na gwaji, tare da goyon bayan sarakuna da malamai.

Makarantar ba ta da allo, ba ta da malami. Magidanta ne da ba su wuce 12 ba, kowa ya kai shekara 25, an san shi da mutunci, matarsa kuma tana zuwa asibiti. Sau biyu a wata suke zama, su duba matsalar garinsu, in abu ya shige musu duhu su kira ungozomar asibiti ta yi bayani. Daga nan sai su bi takwarorinsu a majalisa da wurin suna da ƙofar masallaci. Hikimar tana nan: magidanci ya fi jin maganar ɗan'uwansa magidanci a kan ta baƙuwar ma'aikaciya. A wasu garuruwa da hannunsu suka gina wa asibiti makewayi da ɗakin kwanan ungozoma.

Tsarin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar, ya ƙetara zuwa Burkina Faso da Kodebuwa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa sa maza cikin kula da ciki da haihuwa, da sharaɗin kada hakan ya tauye zaɓin macen. Sharaɗin yana da nauyi, domin a wuraren da aka ce mai zuwa da miji ita za a fara gani, bazawara da matar ɗan ci-rani su ne suke komawa ƙarshen layi.