Whitley Heights: Unguwar Taurarin Fim da Babbar Hanya Ta Raba Biyu

Whitley Heights unguwa ce da ke kan wani tudu a Hollywood, cikin birnin Los Anjalos na jihar Kalifoniya a Amurka. Ta yi tashe a zamanin finafinai marasa murya, lokacin da manyan 'yan wasa suka tare a cikinta. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma babbar hanyar mota ta Hollywood Freeway, wato US 101, ta ratsa ta tsakiyarta, ta cinye gidaje kusan 50.

Sunan unguwar ya samo asali ne daga Hobart Johnstone Whitley, dillalin filaye haifaffen Toronto ta ƙasar Kanada, wanda ake yi wa laƙabi da uban Hollywood. A wajajen 1918 ya fara yanka filaye a kan tudun. Burinsa shi ne wurin ya yi kama da ƙauyukan kan duwatsu na Italiya, don haka ya tura mai zanen gini Arthur Barnes can ya ƙare musu kallo. Aka gina gidaje masu farar katanga da jan rufin yumɓu, manne da gangaren tudu, tituna ƙanana masu lanƙwasa, da matakalai da ke sada wani layi da wani. An binne wayoyin lantarki a ƙasa, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Yawancin gidajen an kammala su kafin 1930.

Kusanci ne ya jawo 'yan fim. Wuraren ɗaukar fim suna nan gindin tudu, dandalin kiɗa na Hollywood Bowl da aka buɗe a 1922 kuma yana maƙwabtaka. Francis X. Bushman da Marie Dressler da Jean Harlow duk sun zauna a nan. Amma wanda sunansa ya fi manne wa unguwar shi ne Rudolph Valentino, ɗan Italiya da ya yi fice da fim ɗin The Sheik na 1921. Gidansa yana kan layin Wedgewood Place. A 1925 ya sayi wani gida, Falcon Lair, a yankin Beverly Hills, ya kuma rasu a 1926 yana da shekara 31. Ƙaurarsa ta nuna inda iska ke kaɗawa: masu kuɗin harkar sun soma komawa yamma, inda filaye suka fi faɗi kuma idon jama'a bai kai ba.

Hanyar da ta yi wa unguwar illa ba dare ɗaya ta zo ba. An buɗe kashinta na farko a 1940 a mashigin Cahuenga, wanda ya haɗa Hollywood da kwarin San Fernando, da layin taragon lantarki na kamfanin Pacific Electric a tsakiyarta. Yaƙi ya tsayar da aiki. A 1947 majalisar Kalifoniya ta zartar da dokar Collier-Burns, ta ƙara harajin man fetur don gina manyan hanyoyi, kuɗi suka samu. Sauran aikin shi ne a haɗa mashigin da tsakiyar birni, Whitley Heights kuwa tana zaune daidai bakin mashigin.

Hukuma ta karɓi gidajen bisa ikon da doka ta ba ta na ƙwace fili don amfanin jama'a tare da biyan diyya. Aka rushe, aka fafe gefen tudun. Gidan Valentino ya faɗi a 1951. An buɗe kashin hanyar da ya kai tsakiyar birni a watan Afrilu na 1954, bayan an kashe mata dala miliyan 55. Abin lura a nan shi ne injiniyoyin sun iya lanƙwasa hanyar ta kauce wa ginin gidan talabijin na KTTV da babbar majami'ar Presbyterian ta Hollywood. Gidajen zama ba su sami wannan alfarma ba, duk da sunayen da suka kwana a cikinsu. Hanyar kuwa ba ta daɗe ba ta cika maƙil, motocin da ke binta suka zarce abin da aka tsara mata.

Ba Whitley Heights kaɗai ta ɗanɗana ba, kuma ba ita ta fi jin jiki ba. A farkon shekarun 1960 hanyar Santa Monica Freeway ta tsaga Sugar Hill, unguwar baƙar fata masu hali inda Hattie McDaniel ta zauna, mace baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar a 1940. Mazauna wurin sun yi nasara a kotu a 1945 kan masu son korar su saboda launin fata, sai ga hanya ta yi abin da ƙarar ta kasa.

Abin da ya tsira na Whitley Heights ya kasu biyu: babban ɓangare a gefe guda, ɗan guntu a ƙetaren hanya. Da masu gine-gine suka fara rushe tsofaffin gidaje suna kafa benayen haya a gindin tudun, mazauna suka tashi tsaye. A 1982 aka sanya unguwar cikin kundin wuraren tarihi na ƙasar Amurka, a 1992 kuma birnin Los Anjalos ya ayyana ta yankin tarihi mai kariya. Tun daga lokacin, mai gida ba ya sauya fuskar gininsa sai da izinin hukuma.